AKWATUNA 53: WAƘA A BAKIN MAI ITA



Lokacin da Sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi laccar bana, kuma a nan garinmu Diggi, sai na tambaye shi a kan me zan yi magana. Ya ce tun da na shafe shekaru talatin da 'yan kai ina aikin talabijin har na yi ritaya, to in yi magana a kan aikina. Waɗanda muka zauna aji ɗaya da su sun san ban taɓa iya tsayawa gaban jama'a ba, shi ya sa ma na zaɓi aikin da ake laɓewa a bayan kyamara. Saboda haka idan harshe ya sarƙe a yi mini afuwa.

A cikin aikin namu akwai wani irin shiri da muke kira fim ɗin gaskiya, watau wanda babu 'yan wasan kwaikwayo a cikinsa, mutanen da abu ya faru da su ake ɗauka suna ba da labari da bakinsu. Manyanmu da suka ga zamanin majigi sun san kakansa. To, a cikin finafinan gaskiya akwai wani reshe mai wuyar sha'ani, shi ne inda ake zaunar da mutumin da wani abin kunya na siyasa ya faɗa a kansa, wanda duniya ta riga ta gama yanke masa hukunci, a ce masa, "To ga kyamara, faɗi naka." A kan wannan reshe nake so in yi magana, kuma da misali na gida zan fara, ko da yake na san wasu a cikinmu za su gyara zama in sun ji wanda na ɗauko.

Mu koma shekarar 1984, muna aji biyar, nan kuwa duk Jihar Sakkwato ce, don sai a 1991 aka yi Jihar Kebbi. A ƙarshen watan Afrilu gwamnatin soja ta Manjo Janar Muhammadu Buhari ta ba da sanarwar canjin kuɗi ba zato ba tsammani. Aka sauya launin takardun Naira, aka ba da kwana 12 kacal, daga 25 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu, aka ce Naira 5,000 kaɗai mutum zai canza hannu da hannu, abin da ya haura sai ya zuba a banki ya yi bayanin inda ya samo shi. Aka kuma rufe iyakokin ƙasa, don kada Nairar da aka fitar waje ta samu hanyar dawowa. Mutanen Legas sun ji wannan a matsayin labarin tattalin arziki. Mu nan a jikinmu muka ji shi, domin kasuwancinmu da Kamba da Gaya da Malanbil a haɗe yake, kuma mutane da yawa kuɗinsu na hannun abokan ciniki a tsallaken iyaka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayar da shinkafar fadama da bijimi guda a wannan shekara, kuɗin na cikin gwangwani a ƙarƙashin gado. Aka aika makaranta aka ɗauko ni don in cike masa takarda. Kwana biyu muka yi a layin banki a Birnin Kebbi, muna kwana a kan tabarma a gindin katanga, kuma da layi ya zo kanmu 'yan kaɗan aka ba shi na sababbin kuɗi, aka ce saura ya dawo. Shi ya ma yi sa'a. Akwai wani Bafulatani mai yi mana kiwo wanda labarin bai riske shi a daji ba sai bayan wa'adi ya cika. Na ga wannan bawan Allah da idona a ƙofar gidanmu, ya zazzage jakar fata cike da takardun da suka zama ganye.

Ana cikin wannan raɗaɗi sai ga labari ya iso mana ta rediyo da bakin direbobin da ke zuwa Kudu, cewa an shigo da akwatuna 53 ta filin jirgin sama na Murtala Muhammed a Legas, sojoji sun fitar da su ba tare da 'yan kwastan sun buɗe ko ɗaya ba. Sunan da aka haɗa da akwatunan shi ne na ubanmu, Mai Martaba Sarkin Gwandu Alhaji Haruna Rashid, Allah ya jiƙansa, wanda ya dawo daga Saudiyya. Wanda ya je tarbarsa kuwa ɗansa ne, Manjo Mustafa Jokolo, dogarin Shugaban Ƙasa a lokacin. Jaridar Guardian ta Legas ce ta fasa ƙwan a watan Yuni, ta hannun wakilinta na filin jirgi, Onukaba Adinoyi-Ojo. Shugaban kwastan na filin jirgin a wannan lokaci wani jami'i ne da ba a san shi ba sosai, sunansa Atiku Abubakar.

Da na dawo hutu, Baba ya kira ni zaure bayan sallar isha'i, ya rage murya ya ce, "Kai da ka yi boko, mi ke cikin akwatunan ga?" Na ce, "Baba, ban sani ba." Ya ce, "To a bar maganar." Aka bar ta. Haka aka yi a yawancin zaurukan ƙasar Gwandu, saboda kunya da girmamawa.

Amma sauran Nijeriya ba su bar ta ba. Abin da ya ƙara mata wuta shi ne yadda gwamnatin take hukunta wasu a kan abin da bai kai wannan ba. A watan Satumba na wannan shekara aka kama mawaƙi Fela Anikulapo Kuti a wannan filin jirgi da Fam 1,600, aka ɗaure shi shekara 5, sai a 1986 ya fito. A watan Yuli kuma aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda-guda a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4. Sai mutane suka ce ashe dokar tana da ido, ta san wanda take kamawa. Shekarar 1984 dai shekarar akwatuna ce: 53 sun shigo, guda ɗaya kuma ya so fita daga Ingila bai samu ba, wanda aka saka Alhaji Umaru Dikko a ciki ranar 5 ga Yuli, 'yan kwastan na filin jirgin Stansted suka buɗe suka same shi a sume.

Ni ban san nauyin maganar ba sai da na je bautar ƙasa a Kudu. Ranar farko a sansani aka ce kowa ya faɗi daga inda ya fito. Na ce daga ƙasar Gwandu. Wani ya ɗaga murya daga baya ya tambaya ko akwati nawa na zo da shi. Aka fashe da dariya, kuma har muka gama shekarar nan sunana "Hamsin da Uku". Na tabbata ba ni kaɗai ba ne a wannan ɗaki aka yi wa irin wannan ba'a. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da amsa. Ban iya cewa ƙarya ne ba, ban iya cewa gaskiya ne ba.

Ba wai waɗanda abin ya shafa sun yi shiru ba ne. Janar Buhari ya sha faɗa a hirarraki cewa yawancin akwatunan na Ambasada Ɗahiru Waziri ne, wanda ya gama aikin jakadanci a Saudiyya ya kwaso iyalinsa da kayansu a jirgi ɗaya da Sarki. Shi ma Alhaji Mustafa Jokolo, wanda ya gaji mahaifinsa a 1995, ya yi wa jaridu bayani fiye da sau ɗaya cewa uba ya je tarba, kuma ba kuɗi ne a ciki ba. Atiku Abubakar ya ba da nasa a littafin tarihin rayuwarsa, inda aka nuna maganar ta kusa cin aikinsa, kuma abin sha'awa, wanda ya rubuta littafin shi ne Onukaba, ɗan jaridar nan da ya fara buga labarin. Farfesa Wole Soyinka kuma ya sake tono zancen a 2007 don nuna adawarsa da takarar Buhari, daga nan ya zama duk kakar zaɓe sai an fito da akwatunan an kaɗe musu ƙura.

To ga inda matsalar take. Kowa ya faɗi nasa shi kaɗai, a ranar da ya ga dama, ga ɗan jaridar da ya ga dama, yawanci kuma a lokacin da ake neman ƙuri'a. Ba a taɓa tara su a faifai ɗaya ba, inda za a ɗauki maganar wannan a kai wa wancan a ce, "Ga abin da wane ya ce, me ka ce?" Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gaskiya ne. Sai dai mai waƙa ya san baitin da zai tsallake, in ba a samu wanda zai tuna masa ba.

Bari in kai ku Amurka ku ga yadda ake tuna wa mai waƙa baitinsa. Shugaba Richard Nixon ya sauka daga mulki a watan Agusta 1974 saboda abin kunyar Watergate, inda aka kama wasu mutane sun fasa ofishin jam'iyyar adawa a 1972, daga baya aka gano fadar shugaban ƙasa ta yi ƙoƙarin binne maganar. Wanda ya gaje shi, Gerald Ford, ya yafe masa, saboda haka bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Amurkawa suka zauna da ƙulli a zuci. A 1977 wani Bature ɗan Ingila mai suna David Frost, wanda aka fi sani da shirye-shiryen nishaɗi, ya shawo kansa ya zauna a yi hira. Ya biya shi Dala 600,000 da wani kaso na riba, abin da 'yan jarida da yawa suka yi tir da shi. Amma ku lura da sharaɗin: Nixon ba zai ga tambayoyi kafin lokaci ba, kuma almakashin yanke hoto yana hannun Frost.

Sun zauna sau 12, aka ɗauki fiye da awa 28. Nixon lauya ne, tsohon ɗan siyasa, ya iya kewaye-kewaye, ana yi masa tambaya sai ya ɗauko dogon labari ya cinye lokaci. Abin da ya karya lagonsa aikin wani mai bincike ne a cikin mutanen Frost, James Reston ƙarami, wanda ya yi watanni yana tonon takardun kotu har ya samo rubutaccen zancen da Nixon ya yi da wani hadiminsa, Charles Colson, kwana uku bayan fasa ofishin. Da Frost ya fara karanto masa maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, sai fuskar mutumin ta sauya. A ƙarshe ya amsa cewa ya faɗi abubuwan da ba gaskiya ba, kuma ya ba mutanen ƙasarsa kunya. Mutum miliyan 45 suka kalli kashi na farko. Bai ce ya aikata laifin da kotu za ta kama shi ba, har ya mutu bai ce ba. Duk da haka waɗanda suka kalla sun ga abin da jarida ba ta iya bugawa: tsawon shirun da ya yi kafin ya amsa, da inda ya kai idonsa. Wannan shi ne abin da kyamara ta fi alƙalami da shi.

Ina so ku riƙe abu biyu daga wannan labari, lokaci da takarda. Minti goma ba ya isa mutum ya gaji da kāre kansa. Mai tambayar da ya zo hannu rabbana kuwa, ba takarda ba shaida, sauraro kawai ya zo yi.

Na san haka ne domin ni kaina na taɓa zuwa sauraro. Wannan ban taɓa faɗinsa a bainar jama'a ba, amma tun da malamaina na nan, gara in yi ikirari a gabansu. Akwai wani tsohon shugaban ƙaramar hukuma, ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba, wanda aka zarga da karkatar da takin zamani na manoma. Bayan ya sauka ya nemi a yi shiri a kansa don ya wanke kansa, aka tura ni. Tun kafin mu sauke kaya an yanka rago. Shi ya zuba mana mai a mota, sakatarensa kuma ya miƙo mini tambayoyi bugaggu da tafireta, har da lamba. A aljihuna akwai kwafen takardar masu binciken kuɗi da wani ya ba ni a ɓoye, mai nuna tirela nawa aka karɓa da nawa aka raba. Muka yi awa biyu yana ba da labarin rijiyoyin da ya gina da marayun da ya yi wa kaciya. Sau uku ina kai hannu aljihu ina fasawa. Na ci naman mutum, ga ambulan an riga an saka a jakar kyamara, da wane baki zan tambaya? Aka nuna shirin, ya yi kyau ƙwarai, har da kiɗan taushi a ƙarƙashi. Bayan mako biyu na haɗu da wani dattijo manomi na yankin a tasha, ya gane ni, ya ce, "Malam, mun ga aikinku. Amma ban ji kun tambaye shi takin ba." Ban sami abin ce masa ba. Frost shi ya biya Nixon ya riƙe almakashi. Ni aka biya, na miƙa almakashin.

Wani lokaci mai ɗaukar hoto yakan yi sa'a, mutumin ya tona kansa ba tare da an matsa masa ba. A 1974 wani mai shirya fim daga Faransa, Barbet Schroeder, ya je Yuganda ya ce wa Idi Amin ya nuna kansa yadda yake so. Amin ya yi ta baje koli: ga shi yana gasar ninkaya da jami'ansa, ga shi yana yi wa kadoji magana a kogi, ga shi yana yi wa ministocinsa faɗa a zaman majalisa. A wannan zama ya caccaki ministansa na harkokin waje, Michael Ondoga, sai mai fim ya ƙara bayani guda, cewa bayan mako biyu an tsinci gawar ministan a Kogin Nilu. Da Amin ya ji ana dariyarsa a gidajen silima na Turai, sai ya sa aka tattara Faransawa mazauna Yuganda, ya ce a yanke wuraren da ba ya so ko kuwa. Aka yanke, sai bayan faɗuwarsa a 1979 aka mayar. Amma irin Amin ba su da yawa. Yawancin manyan da na ɗauka a rayuwata sun fi shi wayo nesa ba kusa ba.

A nan gida abin da muka fi iyawa iri biyu ne, zambo da kirari. A lokacin yaƙin zaɓen 2015 gidan talabijin na AIT ya nuna wani fim a kan Buhari da wani a kan Bola Tinubu, waɗanda ba a ji ta bakin ko ɗayansu a ciki ba. Tinubu ya kai ƙara yana neman Naira biliyan 150, a 2016 gidan ya ba shi haƙuri a fili. A watan Disamba 2017 kuma fadar Shugaban Ƙasa ta fitar da nata fim na minti 55 a kan halayen kirki na Buhari, ministoci da gwamnoni suna ta yabo, alhali mutane na kwana a layin man fetur. Duk wanda ya kalli waɗannan, da abin da ya shiga da shi ya fito.

Inda muka ɗan kusanci abin da nake nufi shi ne zaman Kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda Shugaba Obasanjo ya kafa a 1999 don binciken take haƙƙin jama'a, aka riƙa nuna zamansa a talabijin a 2000 da 2001. Kun tuna yadda ake cika gaban talabijin in an ce yau Manjo Hamza Al-Mustapha, babban mai tsaron Janar Abacha, zai yi magana. Kada a haɗa shi da namu Mustafan, mutum biyu ne daban. An kawo shi daga kurkuku, duniya ta gama tsine masa, sai ga shi da takardu da kwanan wata, yana yi wa janar-janar tambayoyi suna share gumi. Har kaset ɗin aka riƙa sayarwa a kasuwa. Mutane da yawa a Arewa sun sauya ra'ayi a kansa tun daga nan, kuma a nan ne nake jan kunne: iya magana daban, gaskiya daban. Abin da ya ba wannan zama daraja shi ne akwai lauyoyin ɗaya ɓangaren, akwai waɗanda suka ce an zalunce su zaune a wurin suna mayar masa. Kotu ma sai da ta yanke masa hukuncin kisa a 2012 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2013. Tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdussalami, sun ƙi zuwa gaban kwamitin, rahoton da aka miƙa a 2002 kuma gwamnati ba ta fitar da shi ba. Aka yi asarar dama babba.

Mu dawo kan akwatunanmu. Da a ce an ba ni kyamara da mako guda da waɗanda suka san maganar, ba da "Kuɗi ne a ciki?" zan fara ba, don kowa ya san amsar da za a ba ni. Zan fara da ranar da jirgin ya sauka. Masu ba da labarin da yawa suna cewa a tsakiyar canjin kuɗi ne, watau Afrilu, alhali labarin jarida a Yuni ya fito. Idan bayan 6 ga Mayu jirgin ya sauka, tsohuwar Naira ta riga ta mutu, babu mai wahalar ɗauko ta daga Jidda, sai dai a yi zargin wani abu dabam. Kun ga tambaya ɗaya da takardar saukar jirgi za ta warware, amma shekara 40 ana musu a kanta da baki. Daga nan in tambayi mutum nawa ne a tawagar Sarki, nawa ne iyalin Jakada, sunan wa ke jikin tikitin kowane akwati. Sa'an nan in zo kan wadda ta fi nauyi. Ko da tufafi da dabino da ruwan Zamzam ne a ciki, wa ya ba da umurnin kada a buɗe, a shekarar da ake buɗe jakar kowa? Domin a ganina wannan ne ainihin abin da ya ɓata wa mutane rai, kuma shi ne bayanan da aka yi ta bayarwa ba su taɓa amsawa sosai ba. Bafulatanin da ya zazzage jakarsa a ƙofar gidanmu yana da haƙƙin jin wannan amsa.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu: ɗan ƙasar Gwandu, a tsakiyar Diggi, yana tono maganar da ta shafi gidan sarauta. Wallahi ba rashin kunya ba ne. Sarki Haruna ya yi shekara 41 a kan gadon Abdullahi ɗan Fodiyo, daga 1954 zuwa 1995, ya shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa, iyayenmu sun shaide shi da haƙuri da son zaman lafiya. Amma je ka tambayi yaro ɗan jami'a a Ibadan ko Inugu abin da ya sani game da shi, in ya san wani abu to lamba 53 ce. Shirun da muka yi don girmamawa bai kāre sunansa ba, barin filin muka yi wa masu neman abin jifa a lokacin zaɓe. Idan bayanin da aka bayar gaskiya ne, tambaya mai tsanani ce kaɗai za ta sa wanda ba namu ba ya yarda da shi. Idan kuma akwai kuskuren da aka yi, na wani hafsa ko na wani jami'i, to a san na wane ne, a daina jibga wa mutum ɗaya. Rigimar sarauta da ta biyo baya, wadda aka yi ta shari'a daga 2005 har 2025, ba ita ta tara mu ba, kuma ba na so a cusa ta cikin wannan.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Sarki ya rasu a 1995. Janar Tunde Idiagbon, na biyu a wannan gwamnati, ya rasu a 1999. Umaru Dikko ya rasu a 2014, kuma mutumin da aka saka a akwati da ransa ya tafi ba mu zaunar da shi mako guda a gaban kyamara da harshen Hausa ba. Onukaba ya rasu a 2017. Janar Buhari ya rasu a watan Yuli 2025. Waɗanda suka rage duk sun manyanta.

Kuma kada mu ɗauka manya kaɗai ke da labari. A irin wannan aiki na sha ganin cewa direba da ɗan dako sun fi mai gida tuna abin da ya faru, don su ba su da abin kārewa. Akwai dogarai da fadawa da suka yi wannan tafiya, akwai direbobin da suka ɗauko kayan, akwai ƙananan 'yan kwastan da ke bakin aiki a ranar, wasunsu ma 'yan jihar nan ne da suka yi ritaya suka dawo gida. A nan Diggi da Kalgo da Bunza kuma akwai tsofaffin da suka kwana a layin banki, da waɗanda kuɗinsu ya mutu a Gaya. Su ma suna tsakiyar labarin, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Saboda haka ga roƙona ga ƙungiya, Shugaba. Yau ba a bukatar motar ɗaukar hoto da mutum shida kamar zamaninmu, wayar hannu mai kyau da makirfo da abin kafa ta sun isa. Ni zan ba da lokacina kyauta, in koya wa yara biyar ko shida daga cikin ɗaliban makarantarmu na yanzu yadda ake yi. Muna da lauyoyi a cikinmu da za su duba mana abin da doka ta hana, muna da tsofaffin ma'aikatan kwastan da na jiragen sama da suka san inda takardu suke kwana, ga kuma Malaminmu na Tarihi, wanda tun ɗazu nake ganin yana girgiza kai, ban sani ba ko yarda ce ko gyara yake tara mini. Ranka ya daɗe, kai za ka shugabance mu in ka amince. A rubuta wa fada takarda cikin ladabi a sanar da ita, a kuma rubuta wa duk wanda abin ya shafa da Allah ya bari da rai, a gaya masa za a ba shi lokaci iya yadda yake so, ba za a yanke maganarsa a juya ta ba, amma ba zai ga tambayoyi ba, kuma za a kai masa abin da wasu suka faɗa. Kwafe ɗaya na duk abin da aka ɗauka a ajiye a laburaren makaranta, ɗaya a kai jami'ar tarayya da ke nan Kalgo.

Sharaɗi guda nake da shi, kuma ina so Ma'aji ya rubuta: kuɗin mai da na abinci daga asusun ƙungiya za su fito, ba za mu ci ragon kowa ba. Na yi lissafin abin da zangon farko zai ci, takardar tana hannun Sakatare. Idan taro ya amince, ranar Asabar mai zuwa da hantsi za mu fara da tsofaffin unguwarmu, wanda ke da dattijo a gida da ya ga canjin kuɗin 1984 ya ba ni sunansa kafin a watse.